Fassarar "jan aji" da na yi don raha ta raba ni da yayata

Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, na gama karatu, yanzu ina taya wani tsare shagon kayan waya. Tun bara nake wani rubutu a Facebook duk ranar Juma'a, na sa masa suna ƙamus ɗin 'yan zamani. Sai in ɗauko kalmar da ake yayi in ba ta ma'ana ta barkwanci. Misali, na ce filashin shi ne gaisuwar wanda katinsa ya ƙare amma zumuncinsa bai ƙare ba. Alat kuwa ƙara ce mai sauke hawan jini ba tare da an ga likita ba. "Ina hanya" na nufin yanzu zan nemi soso da sabulu. Mijin nobel shi ne wanda ba ya gumi, ba ya cin bashi, kuma ba shi da dangi. Mutane suna so sosai, har wani mai sayar da takalma ya ce zai riƙa biyana in sa masa talla.

Makonni uku da suka wuce na rubuta cewa jan aji ciwo ne da ke kama mace tana shekara 20, ba ya sakinta sai ta kai 35, lokacin an tashi daga ajin, malam ma ya tafi gida. An yi ta dariya. Sai wata 'yar goggonmu ta rubuta sunan yayata a ƙasa, ta sa alamar dariya, wani kuma ya ɗauki hoton abin ya tura zauren WhatsApp na danginmu. Yayata shekararta 34, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta yi aure ba, sau biyu ana sa rana abin yana rushewa. Ita ta riƙe karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Wallahi Anti ko a raina ban kawo ta ba lokacin da nake rubutun.

Yanzu ta fice daga zauren, ba ta ɗaga wayata, in na gaishe ta a gida sai ta amsa a gajarce ta shige ɗaki. Na tura mata saƙo cewa wasa ne, ba da ita nake ba, ba ta ce komai ba. Umma ta ce in rufe shafin gaba ɗaya. Kawunmu, wanda tsohon malamin Hausa ne, ya ce dama can ɓata harshe nake yi. Har yanzu ban goge rubutun ba, don ina ganin in na goge kamar na amsa cewa da ita nake. Shin na yi laifi? In rufe shafin? Shi ne abu ɗaya da nake jin na iya.

Daga wani matashi mai neman mafita.

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa yayarka da alheri a kan ɗawainiyar da ta yi da kai. Na yarda da rantsuwarka, ban ga alamar mugunta a wasiƙarka ba. Wanda ya yi abu da gayya ba ya zama ya rubuto yana tambaya ko ya yi laifi. Amma kafin mu yi nisa, ka ajiye karatun nan, ka ɗauki wayarka, ka goge wancan rubutun, sannan ka dawo mu ci gaba.

Ka ce kana tsoron kada gogewar ta zama kamar amsa laifi. Ka lura, wannan tsoron a kanka yake, kan yadda za a kalle ka. Ita kuwa makonni uku ke nan sunanta yana rataye a ƙarƙashin wata magana da ke cewa lokacinta ya wuce, a wurin da abokan aikinta na asibiti za su iya gani, da ƙawayenta, da dangin waɗanda aka taɓa sa musu rana da ita, har da wanda wataƙila yake shirin zuwa nemanta. Duk safiyar da ta duba ta tarar abin yana nan, abin da za ta fahimta shi ne ƙaninta ya san ta ji zafi, kuma ya zaɓi ya bar shi. A ganina rashin gogewar nan ya fi ainihin rubutun yi mata ciwo, domin rubutun ka yi shi cikin rashin sani, barinsa kuwa da saninka ne.

To, ka tambaye ni ko ka yi laifi. E, ka yi, ko da yake ba irin laifin da dangi suke zato ba. Zo mu duba ma'anonin nan naka tare, don a cikinsu amsar take. Na filashin da na alat da na "ina hanya" sun sa ni dariya ƙwarai, kuma dalilin da ya sa suka yi daɗi shi ne kai ma kana ciki. Kai ma ka taɓa yin filashin, kai ma ka taɓa cewa kana hanya alhali kana kan katifa. Mai karatu yana dariya ne yana ganin kansa, ba wanda aka ware aka nuna da yatsa. Mijin nobel kuwa babu shi a duniya, don haka ba wanda zai kwana da baƙin ciki a kansa. Na jan aji dabam yake. Ka sa masa shekaru, 20 da 35, ka mai da shi ciwon mata kaɗai, sannan ka rufe da cewa malam ya tafi gida. In aka cire barkwancin, abin da ya rage shi ne: duk macen da ta kai wannan shekarun ba aure, ita ta jawo wa kanta da girman kai, kuma tata ta ƙare. Kai ba ka cikin wannan dariyar, kuma ba za ka taɓa shiga cikinta ba.

Kai ka fi ni sanin cewa wannan hukuncin ba gaskiya ba ne, domin a gidanku aka sa rana sau biyu aka fasa, ka ga hawayen da aka zubar. Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah: a cikin shekarun nan da ka ƙirga mata, nawa ne ta kashe tana kwanan asibiti don a biya kuɗin makarantarka? Ba na faɗi haka don in ƙona maka rai ba. Na faɗa ne don ka gane abin da ya sa ciwon ya yi zurfi haka. Da wani bare ne ya rubuta, da ta yi tsaki ta wuce, don mace mai shekara 34 da ba ta yi aure ba a garuruwanmu ta saba jin irin wannan a gidan biki da gidan suna, har ma a bakin marasa lafiyar da take jinya. Wannan karon daga ɗakin ƙaninta ta fito. Kuma ka tuna ba ita kaɗai ba ce. Cikin masu bin shafinka akwai wasu yayyen, na wasu gidajen, da suka karanta suka yi shiru, ba su da wanda za su daina ɗaga wa waya.

Kyakkyawar niyyarka tana da daraja, kuma za ta amfane ka a wurin Allah. Amma wanda ya watsa ruwan wanke-wanke ta kan katanga ya jiƙa mai wucewa, ba ya tsayawa daga cikin gida ya ɗaga murya ya ce ai ban san kana nan ba. Fitowa yake yi ya ba da haƙuri, ya nemo abin da za a goge jiki. Saƙon da ka tura mata, "wasa ne, ba da ke nake ba", magana ce daga bayan katanga. Kare kanka ka yi a ciki, har ma a fakaice ka ce mata ita ce ba ta san wasa ba. Shi ya sa ba ta amsa ba.

Kada ka ɗauka ina cikin masu ganin raha ba ta dace da mutumin kirki ba. Mu mutane ne masu wasa da juna tun kaka da kakanni. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. A Nijar wannan al'ada ta zumuncin raha ta yi ƙarfin da a 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma duk wanda ya tashi a cikin wannan wasan ya san yana da dokoki, ko da ba a rubuta su ba. Ido da ido ake yin sa. Wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take, sau da yawa ma ramuwar ta fi tsokanar daɗi. Kuma akwai inda ba a taɓawa: ba a yi wa wadda ba ta haihu ba wasa da rashin haihuwa, ba a yi wa maraya wasa da maraici. Za ka ce ai ana tsokanar gwauro a tashe. Haka ne, amma tashe yana da kwanakinsa a cikin azumi, ya zo ya wuce, kuma nauyin da jama'a ke ɗora wa namiji marar aure bai kama ƙafar wanda ake ɗora wa mace ba. A Facebook duk waɗannan shingayen babu su. Yayarka ba ta da hanyar ramawa sai ta ƙara tona kanta a gaban dubban mutanen da ba ta sani ba, rubutun kuma ba shi da ranar wucewa.

Yanzu ga yadda nake ganin za ka ɓullo wa lamarin. Ka fara da Umma. Ka same ta ita kaɗai, ka gaya mata ka goge rubutun, ka gane kuskurenka, kuma kana so ta nemo maka lokacin da za ka zauna da Yaya. Kada ka tare ta a ƙofa tana dawowa daga aikin dare, idonta cike da barci. Ka bari sai ranar hutunta, bayan ta ci abinci ta natsu. In kun zauna, ka zauna a ƙasa yadda ƙani ke zama gaban babbar ya, wayarka kuma ta kasance a ɗaki. Maganar ba ta bukatar tsawo. Ka ce mata ka rubuta abin da bai kamata ba, ya jawo an ambaci sunanta cikin izgili, ka ƙara da barinsa har makonni uku, kuma duk wannan laifinka ne. Ka ce ba ka manta abin da ta yi maka ba. Ka roƙe ta ta yafe maka don Allah. Kalmar "amma" kada ta fito daga bakinka. Kada kuma ka ce "in ranki ya ɓaci", domin ka san ya ɓaci. Batun cewa ba da ita kake ba, ka bar shi sai in ita ta tambaya, sannan ka amsa sau ɗaya cikin ladabi.

Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta fito da maganganun da suka daɗe a cikinta, wasu ma ba su shafe ka ba. Ka saurara har ta gama. Bayan nan ka tambaye ta me take so a yi game da dangi. Wannan wurin yana bukatar hankali, domin matasa da yawa a irin wannan hali sukan garzaya su rubuta doguwar neman afuwa a shafinsu, su ambaci sunan wanda suka ɓata wa, sai wanda bai ji labarin ba ma ya ji. Kada ka yi haka. In tana so ka rubuta layi biyu a zauren dangi cewa ka yi kuskure kuma ka ba ta haƙuri, ka rubuta. In ta ce a bar maganar ta mutu, ka bar ta ta mutu. Ita aka ɓata wa, ita ke da zaɓi.

In kuwa ta ƙi zama da kai, kada ka yi fushi, kada kuma ka tura mata hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Hadisin gaskiya ne, amma ba daga bakin wanda ya yi laifi ya kamata ta ji shi ba, kuma tunda tana amsa gaisuwarka, ba ta yanke ka ba. Ka rubuta mata takarda da hannunka, ka ba Umma ta miƙa mata. Ka ci gaba da gaishe ta safe da yamma kamar kullum. Ka riƙa yi mata 'yan hidimomin da ƙani ke yi ba tare da ka jira godiya ba, ko kai ta bakin titi ne da asuba, ko karɓo mata saƙo. In wata guda ya wuce ba sauyi, ka nemi wani babba da take jin nauyinsa, wanda kuma ka san bakinsa na da sirri, ya sa baki.

Sai 'yar goggonku. A gaskiya abin da ta yi ya fi naka muni, domin kai ka harba ba ka san wa zai samu ba, ita kuwa ta nuna mutum da suna. Wataƙila za ta fake da cewa wasan taubasai ne. Ba haka ake yin sa ba, kuma aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta yi magana a fili: kada wasu su yi izgili ga wasu, kada mata su yi izgili ga mata, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi masu yi alheri, kuma kada a jefi juna da miyagun laƙabobi. Ka kira ta a keɓe, ka gaya mata kai ka riga ka nemi gafara, ya kamata ita ma ta nema. Haka shi ma wanda ya kai hoton zauren dangi. Iyakar abin da ke kanka ke nan. Kada ka mai da shi shari'a tsakanin gidanku da gidan Goggo, kuma ranar da za ka zauna da Yaya kada ka kawo sunan kowa don rage wa kanka kaya.

Game da umarnin Umma, ina so ka fahimci daga inda ya fito. Ita ce ake tarewa a gidan biki ana tambaya yaushe za a sha bikin babbar 'yarta. Ita ce ta ga an dawo da kayan sa rana. Ba mijin da za ta kai wa kuka. Yanzu kuma 'ya'yanta biyu ba sa ga maciji a cikin gida ɗaya, kuma a idonta wani abu a cikin waya ne ya jawo. Ba gardamar amfanin shafi take bukata daga gare ka ba a yanzu. Ka ce mata ka dakatar da rubutun, kuma ka dakatar da gaske, har sai gida ya daidaita. Bayan an shirya, ka zauna ka karanta mata irin su filashin da alat, ta ji da kunnenta abin da kake yi, ka gaya mata sharuɗɗan da ka gindaya wa kanka, ka nemi izininta. Ina kyautata zaton za ta sassauta, musamman in Yaya ce ta sa baki. In kuma ta dage sai an rufe, ka rufe, ɗana. Ka kwafe rubuce-rubucenka ka adana, ka ci gaba da tara sababbi a littafi, bayan wani lokaci ka sake neman izini. Baiwar a kanka take, rufe shafi ba zai ɗauke ta ba.

Kawu kuwa, da girmansa da iliminsa, ban bi shi a kan cewa kana ɓata harshe ba. Hausa ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Mota da asibiti da tebur duk baƙi ne da suka zauna har suka zama 'yan gida, kamar yadda lakwal, wato makaranta, ta zauna a bakin mutanen Nijar. Tun 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, amma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ko sisi ba shi da shi. Dubi "A daidaita sahu". Magana ce ta liman kafin a tayar da salla, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauke ta ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya a Kano, aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, yau ga shi yaron da aka haifa bayan wannan gwamnatin in ya ce adaidaita, abin hawa kawai yake nufi. Dubi tazarce, wadda aka yi ta yayatawa a 1998 lokacin Janar Abacha, ta tsallaka Nijar a 2009 lokacin da Tandja Mamadou ya nemi zarcewa, har ta zama sunan da kowa ke kiran wannan rikicin da shi. Wa ya zauna a ofis ya ƙirƙiro raka-ni-kashi don ƙaramar waya mai tocila? Wa ya fara cewa wane ya yi wuf da wance? Mutanen titi ne, masu kunne da saurin baki irinka. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 daga bakin mutane aka tattaro shi gari-gari, na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006, kafin manyan wayoyi su cika hannun jama'a. Kalmomin da aka haifa daga lokacin zuwa yau suna bukatar mai rubuta su, wasunsu ma sun riga sun mutu ba wanda ya adana.

Amma Kawu yana da gaskiyarsa, kuma kada ka raina ta. Da bambanci tsakanin kalmar da Bahaushe ya sarrafa ta hau harshensa, da jibga Turanci ɗanye a tsakiyar jimla saboda ƙyuya. Akwai kuma ƙa'idojin rubutu da yawancin masu rubutu a waya suka yi watsi da su, inda za a raba a haɗe, inda za a haɗe a raba, ga baƙaƙe masu lanƙwasa an bar su, har ƙafa da kafa su zama abu ɗaya. Mai kiran aikinsa ƙamus, ko na wasa ne, bai kamata a kama shi da wannan ba. Shawarata ka ɗauki littafi da biro ka je gaishe shi, ka roƙe shi ya duba maka rubutunka, sannan ka tambaye shi kalmomin sara na zamanin samartakarsu, lokacin 'yan gaye da 'yan ƙwalisa. Tsohon malami da wuya ya ƙi wanda ya zo neman karatu. Kana iya sauya tsarin ma: kowace kalma ka fara da ainihin abin da ake nufi da ita, da inda ka fara jin ta, da shekarar, sannan ka kawo fassarar barkwancin. Da haka mai neman dariya zai samu, ɗalibin Hausa ma zai samu abin ɗauka.

In Allah ya sa ka dawo rubutu, ka riƙe misalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin shi ma yana raha, kuma har da irin taka ta wasa da ma'ana. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Sai ya ce masa, akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? An yi raha, ba a yi ƙarya ba, ba a muzanta kowa ba, mutumin kuma ya samu abin da ya zo nema. Kafin ka saki kowace fassara, ka tambayi kanka ko abin da kake wa dariya hali ne da mutum ya zaɓa, ko kuwa jarrabawa ce da ta same shi. Ƙaryar arziki da cika baki da saɓa alkawari da son banza, duk fili ne mai faɗi, ka yi ta sukuwa. Rashin aure da mutuwarsa, rashin haihuwa, nakasa, launin fata, asalin mutum, waɗannan ka bar su. Sannan ka kawo a ranka mutumin da fassarar ta fi kama da shi, ka ga ko za ka iya karanta masa ita yana zaune a gabanka. Ko jan ajin ma ana iya fassara shi ba a zubar da hawayen kowa ba. Da ka ce shi ne ka ga kira ya shigo, ka bar shi ya katse, sannan ka zauna kana addu'ar a sake kira, da maza da mata duk sun ga kansu. Sai dai wannan kalmar ka ƙyale ta tukuna, ba yanzu ba.

Ka riƙa rubutawa tun Laraba ko Alhamis, abin ya kwana, ka ba wata mace da ta girme ka ta karanta kafin Juma'a, don akwai abin da idon saurayi ba ya gani. Abin da ake rubutawa a ƙarƙashin rubutunka ma yana wuyanka, tunda kana da ikon gogewa. Ka sanar a fili cewa duk wanda ya ambaci sunan wani don a yi masa dariya za ka goge, in ya maimaita ka toshe shi. Da wannan dokar tana nan tun farko, da sunan yayarka bai yi awa guda a wurin ba.

Mai takalma kuma ka gaya masa ya ɗan saurara. Bai dace a ce yayarka tana ɗaki da ciwon abin da ka rubuta, kai kuma kana karɓar kuɗi a kan shafin ba. In komai ya lafa, ka karɓa, halal ne, ku yi yarjejeniya a rubuce kan nawa ne da kuma sau nawa. Sai dai ka sani kuɗi na zuwa da matsin lamba, domin mai talla yawan jama'a yake so, kuma zafin magana ya fi saurin tara jama'a. Nan ne za a gwada ka. Ka guji kama sunan mutum, babba ko ƙarami. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tara saboda bidiyon barkwanci da aka ce sun ɓata sunan gwamna a ciki. Halaye kake fassarawa, ba ka bukatar sunan kowa.

Maganarka ta ƙarshe ta tsaya min a rai, da ka ce wannan ne abu ɗaya da kake jin ka iya. Na san yadda zaman shago bayan an gama karatu yake sa saurayi ya ji kamar ba a ganinsa, kuma na gane dalilin da ya sa dariyar ranar Juma'a ta zama maka abin riƙo. Baiwar gaskiya ce, ba kowa ke iya matse halin mutane a layi ɗaya ba, kuma ina so in ga ta girma har ta kai ka rediyo ko ta zama littafi. Yayar da ta biya kuɗin karatun da ya koya maka riƙe alƙalami ita ta fi cancanta ta fara alfahari da ita, don haka ta wurinta za ka fara. Yau ka goge, gobe ka samu Umma. In kun zauna da Yaya, ka rubuto min ka gaya min yadda kuka yi. Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ta miji nagari, ya daidaita tsakaninku. Ka gaida Umma.